Kafin ka ɗora bene a gangaren Binuwai: yadda ake kafa harsashin da zai jure girgizar ƙasa

Wata safiyar Asabar, a wani fili da ke gangaren Binuwai nan Garwa, wani Alhaji ya miƙo mini zanen bene hawa bakwai, shaguna a ƙasa, masauki a sama. Ya ce in duba in sa hannu, leburori su fara haƙa ranar Litinin. Na tambaye shi takardar gwajin ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, ƙasar da aka binne cibiyata a cikinta ce za a gwada? Tun kaka da kakanni wa ya taɓa jin girgizar ƙasa a Garwa?"

Ban ja da shi ba. Na aiki yaro ya kawo daro, na zuba yashin kogi a hankali ba tare da na danne ba, na tsiyaya ruwa har ya kusa taɓo saman yashin, sannan na tsayar da rabin bulo a kai. Bulo ya zauna daram. Na ce, "Ranka ya daɗe, bubbugi gefen daron nan da tafin hannunka." Kafin ya yi bugu goma ruwa ya tsattsafo sama, yashin ya koma kamar kunu, bulon ya karkace ya nutse har rabi. Alhaji ya daɗe yana kallon daron. Can ya ce, "To, kira masu injin."

Shekaruna da yawa ina aikin gini tsakanin Garwa, Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru, kuma abin da nake so mai gini ya riƙe shi ne wannan: girgiza ta ƙasa take shiga bene, ta harsashi. Bene da ƙasar da yake tsaye a kai jiki ɗaya ne, tare suke rawa. Wanda ya zana bene mai ƙarfi bai san ƙasar ba, rabin aiki ya yi.

Alhaji yana da gaskiyarsa. Yankinmu ba ya cikin wuraren da ƙasa ke yawan motsi, kuma ba zan tsorata kowa da abin da babu ba. Sai dai ƙasarmu ba matacciya ba ce. Jerin duwatsun aman wuta na Kamaru ya taso tun daga teku, ya ratsa Dutsen Kamaru, ya hau tudun Adamawa, reshensa ya kai duwatsun Kapsiki. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma girgizar da ta zo tare da na 1999 ta tsattsaga gidaje a Buya. Akwai tsohuwar tsaga a cikin ƙasa da ta bi ta Fumban da Tibati zuwa wajen Ngaundere, kuma a 1987 ƙasa ta motsa a yankin Tibati. Akra ta sha tata a 1939, Gini a Disamban 1983 inda ɗaruruwan mutane suka rasu, mutanen Mpape a Abuja kuma suka ji ƙasa na rawa a Satumban 2018. Kakanninmu ɗakin ƙasa suka gina, hawa ɗaya, rufin ciyawa. Mu kuwa muna ɗora hawa bakwai da takwas da za su yi shekara 50 ko fiye cike da mutane. A Yulin 2023 bene ya rufta a Duwala ya kashe mutane da dama, cikin makon wani ya rufta a Ngaundere, alhali ƙasa ko gezau ba ta yi ba. Ginin da nauyin kansa ya gagare shi, ina ga an jijjiga shi?

Aikin farko, tun kafin mai zane ya ɗauki alƙalami, a huda ƙasa a ga abin da ke ciki. Ramin da lebura zai haƙa da diga mita biyu bai wadatar da bene ba. Ka nemi LABOGENIE, wato ɗakin gwajin gine-gine na gwamnatin Kamaru, ko wani ɗakin gwaji mai lasisi su zo da injin haƙa. Kada ramukan su gaza uku, kuma kada a jera su a layi ɗaya, domin shimfiɗun ƙasa sukan karkace, rami uku a kusurwoyi ne ke nuna inda suka nufa. Zurfin ya kai aƙalla faɗin ginin sau ɗaya da rabi. Idan bene ne mai tsawo sosai a nemi sanin mita 30 na sama, saboda da su ake tantance rukunin ƙasa a lissafin girgiza. A cikin ramin akwai gwajin da ake sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ne zai tura bututu santimita 30 cikin ƙasa. Ka tsaya a wurin ka ƙirga tare da su. Yashin da bututu ya ratsa da bugu ƙasa da 10 sako-sako ne. Wanda ya ci bugu sama da 30 a danne yake, da wuya ya narke. A nan ƙasashen renon Faransa an fi sabawa da na'urar Menar, wadda ake zura wa rami a hura ta ta tokare bangon ramin a auna taurinsa. Ko wanne aka yi, a ɗebo samfurin ƙasar a kai ɗakin gwaji.

Sai maganar ruwa, wadda a kanta aka fi yaudarar kai. Wanda ya auna zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa a watan Afrilu, lokacin da mayo, wato rafi, ya bushe yara na ƙwallo a cikinsa, ƙarya ƙasa za ta yi masa. Ka sa a bar bututu a ɗaya daga cikin ramukan, a riƙa leƙawa har Agusta da Satumba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a Garwa, ko yadda kogunan Shari da Lagon suka shiga unguwannin Njamena da Kuseri a 2022, ya san inda ruwa ke iya kaiwa. Da ma'aunin damina ake lissafi.

Idan takarda ta fito, abu uku za ka nema a cikinta. Ko akwai dutse ko tauri a kusa, kamar dutsen yashin da wani sashe na Garwa ke zaune a kai, wanda shi ne sa'ar mai gini. Ko akwai yashi sako-sako a cikin ruwa a mita 15 zuwa 20 na sama, irin na darona. Ko kuma akwai laka mai laushi mai kauri.

Bari in daɗe a kan lakar nan, domin a nan ne mutane suka fi kasa ganin haɗin. Kowane gini yana da lokacin lilonsa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo idan an ture shi. Dubi giginya a cikin iska, a hankali take rangaji, ƙaramin tsiro kuwa karkarwa yake da sauri. Haka bene. A ƙiyasin da muke yi da ka, kowane hawa yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na sakan, saboda haka hawa goma kusan sakan guda ke nan. Ita ma ƙasa tana da nata. Dutse karkarwa yake da sauri, laka mai zurfi kuwa rangaji take a hankali, kamar kindirmo a ƙwarya idan an ɗan taɓa ta. Ranar da lilon ƙasa ya zo daidai da lilon bene, abin ya zama kamar mai tura yaro a kan lilo yana turawa daidai lokacin da ya dawo: ƙaramin turi ne, amma kowane zuwa sai ya fi na baya nisa.

Abin da ya faru a birnin Meksiko ke nan ranar 19 ga Satumba, 1985. Girgizar mai ƙarfin maki 8 a bakin teku ta taso, fiye da kilomita 300 daga birnin. Amma tsakiyar birnin a kan lakar tsohon tafki take. Lakar ta karɓi motsin da ya iso a raunane ta ninka shi kusan sau biyar idan aka gwada da unguwannin da ke kan dutse, tana rangaji kusan sakan biyu kowane zuwa. Benayen da suka fi zubewa su ne masu hawa 6 zuwa 15. Da yawansu lilonsu bai kai sakan biyu ba da farko, amma da suka fara tsagewa, harsashinsu kuma yana jujjuyawa a cikin laka, sai lilon ya yi ta tsawo har ya faɗa cikin na ƙasar. A cikin wannan laka ɗin dai akwai hasumiyar Latinoamericana mai hawa 44, wadda aka gama a 1956. Injiniya Leonardo Zeevaert ya fara da nazarin ƙasar, ya zaunar da ginin a kan akwatin kankare mai zurfi, a ƙarƙashinsa turaku 361 da suka sauka kimanin mita 33 har kan yashi mai tauri. Lilonta kuma ya fi na lakar tsawo nesa ba kusa ba. Ta ga girgizar 1957, ta ga ta 1985, tana nan tsaye.

Don haka idan injiniyanka ya kawo lissafi, yi masa tambaya biyu, ko da ba ka san lissafi ba. Ta farko, wane rukunin ƙasa ya saka? Ƙa'idar Turai ta Yurokod 8, wadda injiniyoyinmu da yawa suka karanta, ta kasa ƙasa daga rukunin A, wato dutse, inda motsi ke gudun fiye da mita 800 a sakan, zuwa D mai laushi inda ba ya kai mita 180, da E inda laushi ke kwance a kan dutse. Ta biyu, a kwamfutarsa ya ɗauka ƙafar ginin a kafe take ƙam kamar an dasa ta a dutse, ko ya saka laushin ƙasar? Idan ya kafe ta alhali laka ce a ƙasa, lilon da ya samu ya gaza na gaskiya, kuma kan benen zai yi tafiyar da ta wuce abin da ya rubuta. Injiniyan kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Baƙar lakar nan tamu da Fulani ke kira karal, 'yan uwanmu na Barno ke kira firgi, inda ake dasa masakwa bayan damina, tata fitinar ba ta jiran girgiza. Da rani takan tsage har ka zura hannu zuwa gwiwar hannu, da damina ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. A Marwa na ga bango da ya dare daga taga zuwa ƙasa shekara biyu da gamawa, saboda an zaunar da harsashi a cikin zurfin da rani da damina ke kaiwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ginin da karal ta riga ta tsattsaga shi ne na farkon faɗuwa ranar da ƙasa ta motsa. A wuce wannan zurfin, a kuma kawar da ruwan indararo da na bayan gida daga gindin gini, kada a dasa darbejiya jikin bango.

Yanzu zaɓen irin harsashi. A kan dutse ko tsakuwa mai tauri, ƙafafu ɗaiɗai a ƙarƙashin kowane ginshiƙi sun isa, muddin an ɗaure su. A ƙasa mai matsakaicin ƙarfi, sai shimfiɗar kankare guda mai kauri a ƙarƙashin ginin baki ɗaya, wadda a wurin aiki muke ce wa radiye. Tana raba nauyi, kuma idan ginin zai zauna, ya zauna tare. In aka haɗa ta da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai bangon kankare a kewaye ta zama akwati, ya fi kyau, domin ƙasar da aka kwashe tana rage nauyin da aka ƙara, bangon kuma yana tokare ƙasar gefe. Amma radiye ba ta maganin yashin da ke narkewa. A Nigata ta Japan, ranar 16 ga Yuni, 1964, benaye masu hawa huɗu sun karkace, wani ya kwanta kusan a gefensa, jikinsu lafiya lau, ƙasar ce kawai ta zama ruwa a ƙarƙashinsu. A Adafazari ta Turkiyya a girgizar 17 ga Agusta, 1999, an ga benaye a kan radiye mai kauri sun nutse ko sun kife, kuma waɗanda suka fi kifewa su ne dogaye sirara. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin filayen bakin kasuwa ƙanana ne, mutum yana da faɗin mita takwas yana son hawa bakwai. Ni a irin wannan fili a kan ƙasa mai laushi ba na sa hannu.

Idan gwaji ya nuna yashi sako-sako a cikin ruwa, hanya biyu ce. Ko a gyara ƙasar, a danne ta da injin jijjiga, ko a dasa ginshiƙan tsakuwa a cikinta waɗanda ke matse yashin su kuma ba ruwa hanyar fita. Ko kuma a ratsa ta da turakun kankare har su kafu a tauri. Turke ma yana da lagonsa. Bayan girgizar Kobe ta 1995, da aka tona, an tarar turaku sun fi karyewa a wuya, inda suka haɗu da gini, da kuma inda ƙasa mai laushi ta haɗu da mai tauri. A waɗannan wuraren ake matse zoben rodi kusa da kusa, kuma rodin turke ya shige cikin kankaren da ke kansa sosai. A bakin kogi akwai ƙarin haɗari: yashin da ya narke yakan zame ya nufi kogin, ya ja turaku tare da shi. Matsawa baya daga gaɓa ya fi kowane rodi araha.

Kada a gauraya iri biyu a ƙarƙashin gini ɗaya, rabi a kan turaku rabi a kan ƙafafu, ko rabi a kan dutse rabi a kan ciko. In fili ya tilasta, a raba ginin gida biyu da rata tun daga ƙasa har sama.

Ɗamara ita ce abin da na fi faɗa a kansa a wurin aiki, kuma ita ce aka fi yi wa ƙwauro saboda ƙasa za ta rufe ta. Ina nufin bim ɗin da ke haɗa ƙafa da ƙafa, wanda magina ke kira longirin. Motsin ƙasa ba ya isa ga dukkan ƙafafu lokaci ɗaya. Idan ba a ɗaure suke ba, wannan ta yi gabas waccan ta yi yamma, ginshiƙai su buɗe kamar ƙafafun jaki a kan santsi. A ɗaure kowace ƙafa da maƙwabtanta ta fuska biyu, tsaye da kwance, babu wadda za a bari ita kaɗai. Yurokod 8 ta ba da mafi ƙanƙantar awo: faɗi santimita 25, tsayi 40 ga ginin da bai wuce hawa uku ba, 50 ga mai hawa huɗu zuwa sama. Rodin ɗamara ya ratsa cikin gindin ginshiƙi ya wuce, kada ya tsaya a bakinsa. Wani dattijon magini da na yi aiki da shi yakan ce da yaransa, "Ku ɗaure ta kamar kayan da za a ɗora wa raƙumi." Ni Baba nake ce masa, kuma a wannan babin ban taɓa samun abin gyara a aikinsa ba.

Daga ɗamara sai gindin ginshiƙi, inda duk ƙarfin rangajin bene ke taruwa. Rodin da ya fito daga harsashi ya kasance mai lanƙwasa a ƙasa, zaune a kan ragar ƙafar. Zoben da ke kewaye shi a matse su kusa da kusa a ƙasan ginshiƙi da samansa, kuma bakin kowane zobe a lanƙwasa shi ya koma cikin kankare, digiri 135. Masu ɗaurin rodi sun fi son digiri 90 don ya fi sauri, amma da zarar fatar kankare ta ɓare irin wannan zoben buɗewa yake, rodin tsaye ya turo waje. Hotunan girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta ci rai fiye da 50,000, cike suke da irin waɗannan ginshiƙai, da kuma benayen da hawan ƙasa ya murƙushe saura suka zauna a kansa. Hawan ƙasa na shaguna, mai ƙofofi manya babu bango, shi ne ainihin yadda muke gini a nan. Maganinsa bangon kankare mai rodi, a ramin lif da matakala da kusurwoyi, ta fuska biyu, wanda zai taso daga cikin harsashi ya tafi har rufi ba yankewa. Harsashin da ke ƙarƙashin wannan bangon ya fi na saura girma, domin shi ne zai hana ginin ɗaga ƙafa. A bar kuma rata tsakaninka da benen maƙwabci, don a Meksiko benaye da yawa karo da juna ne ya lalata su.

Wasu kan tambaye ni labarin robar da ake sa wa gini a ƙasa. Gaskiya ne akwai ta: faifan roba da ƙarfe mai dalma a tsakiya, wanda Bill Robinson ya ƙirƙiro a Niyu Zilan a shekarun 1970, ana zaunar da gini a kansa ƙasa ta yi ta motsi ginin yana binta a hankali. Asibitocin Turkiyya da aka yi wa haka sun ci gaba da aiki a 2023. Tana da tsada, ta fi dacewa da ƙasa mai tauri, kuma a irin haɗarin yankinmu kuɗin ya fi amfani a gwajin ƙasa da ɗamara da bango. Gwajin ƙasa sau da yawa ba ya kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin bene.

Ranar zuba kankare ka zo da kanka, ko ka turo wanda ba ya jin kunyar cewa a tsaya. A fara shimfiɗa siririn kankare a gindin rami don kada rodi ya taɓa ƙasa, a ɗaga ragar da ƙananan tubalan siminti yadda kankare zai rufe ta da santimita 5. In ruwa ya taru a ramin a zuƙe shi tukuna. Awon da muka saba da shi kilo 350 na siminti ne a kowace mita kubik, wato buhu bakwai masu kilo 50, sai in lissafi ya nemi fiye. Yashin mayo a gwada shi a kwalba: yashi, ruwa, a girgiza a ajiye, in laka ta kwanta da kauri a sama a wanke shi ko a sauya. Abin da ya fi kashe kankare a wurinmu ƙarin ruwa ne. Rana ta take, kankare ya fara ƙarfi a baro, lebura ya kwara masa bokiti don ya yi saurin zuba. A zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, a fara da asuba ko a bari sai la'asar, a yi amfani da injin jijjiga don kada a bar ramuka, a rufe da buhunan algarara a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai aƙalla. A cika gwangwanayen gwaji daga kankaren da ake zubawa, a fasa wasu a kwana 7, saura a kwana 28. Kafin a mayar da ƙasa, ɗauki hoton kowace ƙafa da kowace ɗamara da wayarka, ka haɗa da takardar gwajin ƙasa ka adana, domin ranar da ɗanka zai so ƙara hawa, su ne za su gaya masa ko harsashin zai ɗauka.

A filin Alhaji ramuka sun nuna yashi sako-sako da ruwa kusa, tauri kuma can ƙasa. Muka ja ginin baya daga gangaren, muka rage hawa biyu, muka sauka da turaku. A kusurwoyi huɗu na sa an dasa ƙusoshin ƙarfe a jikin ginshiƙai, kuma duk lokacin da aka gama hawa guda sai in zo da na'urar awo in duba ko wata kusurwa ta fi wata zama, in rubuta a littafi. Na ce masa ko bayan an tare, a ci gaba da awon nan sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya a ƙarshen damina.